Ɗakin Bayan Darakta

Magariba ta kawo jiki, kaji sun shige, sai dutse ya faɗo kan rufin gidan Darakta. Wani ya biyo. Sannan wari ya taso.

Darakta ya tsufa yanzu, amma shi ne mai finafinan ban tsoron nan da samari ke haddace maganganunsu. Bai yarda da jinin ƙarya ba. Wai kyamara ƙuda take so. Hanjin akuya yake sayowa wajen mahauta, ya naɗa wa ɗan wasa a wuya, in an gama ya watsa kayan a ɗakin baya ya kulle. Ko wanki babu. Tir!

A ƙofar ɗakin aka tsinci Auta, ƙaramar 'yarsa, tana lasar kwaɗon ƙofar, yawu na zuba har ƙirji. Ta daina ci. Kullum ƙara ramewa take, har zobenta ya suɓuce.

Mama, matar Darakta, ta kira Malam. Ya shigo yana toshe hanci da gefen rawani, ya zauna, ya fara karatu a hankali. Can Auta ta buɗe baki, muryar wani ƙato ta fito.

"Ɗakin nan nawa ne tun kafin a haifi uban yarinyar nan. Ya cika min shi da ruɓa. Tsutsa har a shimfiɗata."

"To me yarinya ta yi maka?" in ji Malam.

"Ita kaɗai ke ji in na yi magana. A ƙone kayan, in sake ta."

"A ƙone!" Mama ta ce.

Darakta ya yi tsuru. "Har fuskar da na yi fim ɗin dodon rijiya da ita? Malam, aikin rayuwata ne fa."

"Wancan fim ɗin kam ya yi," in ji muryar. "Ni kaina na tsorata."

Wallahi sai tsohon ya washe haƙora, 'yarsa na kwance a ƙasa. "Ka gani? Wane waje ya fi..."

Mama ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta fizge makullin daga aljihunsa, ta kwaso kayan tana kakarin amai, ta cinna musu ashana. Auta ta yi atishawa, ta buɗe ido.

"Mama, yunwa."

Darakta ya miƙo hannu zai taɓa ta.

"Je ka wanke tukuna," in ji Mama.