Makullin da Ya Sha Ruwan Tsari

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma, ranar kasuwar Shagari, wani ƙaton babur na ta gurnani a ƙarƙashin bedi, gefen hanyar da ta ratsa bakin Lambara. Ɗantani ne a kai, fuska naɗe da rawani, ido kaɗai a waje. Bashar, ogansu, da Hassan suna kwance cikin gero, kowa da bindigarsa, suna jiran motar fataken shanu.

Aikin Ɗantani ɗaya ne: kada injin nan ya mutu. Tsoronsa ma ɗaya ne: kada a ga fuskarsa. Garin da ake hango kwanukansa ɗin nan garin surukansa ne. Nan aka haifi matarsa Rashida, nan mahaifinta Malam Muhammadu yake limanci. A wurinsu Ɗantani bakanike ne na Bodinga mai cin guminsa, wanda in ya zo gaisuwa sai ya gyara baburan rabin unguwa kyauta. Ya roƙi Bashar kamar zai yi kuka a sauya wuri. Bashar ya ce nan ne ramuka suke tilasta wa mota rage gudu, surukuta kuma ba ta cikin harka.

Shi babur ɗin, wata biyu ke nan da suka ƙwace shi a hannun wani ma'aikacin lafiya. Babur ne ɗan waje, mai gudun tsiya, da makulli ɗaya tal. Makullin kuwa ba irin namu na gida ba ne. A cikin baƙar robar kansa akwai wata 'yar ƙwaya da ba ta wuce tsabar shinkafa ba, makanikai na ce mata cip. In an murɗa, babur zai tambaye ta, in ta amsa ya tashi, in ta yi shiru ko shekara za ka yi kana dannawa sai dai ka gaji.

Ɗantani ya faɗa wa Bashar wannan tun ranar farko. Ya ce abu uku ke kashe ta: faɗuwa, ruwa, da zafi. To sai Bashar ya haɗa mata duka ukun, kamar da gayya. Da fari ya yar da makullin a kan siminti har robar ta tsage. Daga baya ya kwashi bindigogi ya kai wa wani mai magani can bayan Mandera a yi musu tsari, ya haɗa har da makullin, wai don kada harsashi ya sami wanda ke kan babur. Aka jiƙa su kwana uku a ƙwaryar ruwan sassaƙe, aka turara su a kan garwashi. Jahilci dai bai yi ba, wallahi.

Ana gobe aiki, a bayan garejinsa na Bodinga, Ɗantani ya murɗa. Wata jar fitila ta riƙa ƙiftawa a jikin mita. Injin ko tari bai yi ba.

Bashar ya ce a haɗa waya. Ɗantani ya ce wannan ba ya jin waya. Bashar ya zabura kasuwa, mai yankan makulli ya yanko masa wani sak irinsa. Ya shiga, ya murɗu, fitilu suka kama, injin shiru, don ƙarfe ne kawai ba ƙwaya. Ɗantani ya ce gyaran gaskiya ɗaya ne: a ɗora babur a mota a kai Sakkwato wurin mai kwamfuta, ya shigar da sabon makulli a ƙwaƙwalwar babur. Kwana biyu ake yi, kuma ba ya taɓawa sai ya ga takardu.

“Takardun uwar wa?” in ji Bashar. “Gobe kasuwa ta. Kai aka cewa bakanike. Tashe shi, ko in nemi wanda ka iyawa, kai kuma ka san abin da aka yi ma wanda yas san sirri ba shi cikin tahiya.”

Ɗantani ya sani. Ya ɗauki reza ya fasa kan tsohon makullin, ya zaro ƙwayar, ya goge koren tsatsar da ta yi, ya shanya ta a rana, ya naɗe ta da salatif a wuyan sabon. Washegari da azahar, a murɗawa ta goma sha ɗaya, babur ya tashi. Ya gaya musu a fili cewa sau ɗaya babur yake tambayar ƙwayar, lokacin tashi. Muddin injin na aiki ba matsala. In ya mutu, kowa ya nemi ƙafarsa.

Shi ya sa yake zaune a ƙarƙashin bedin nan kusan awa guda, hannu a kan totur, zufa na bin bayansa.

Sai ga mutane sun fito daga gari. Maza ne kusan hamsin, suna sauri, ba mai magana sai kalmar shahada ƙasa-ƙasa. Makara ce a kafaɗunsu. Za su tsallaka titi taku ashirin daga inda yake, su nufi maƙabarta. A gaba kuma, da farar hula da carbi, Malam Muhammadu.

Ɗantani ya sunkuyar da kai. Tun yana yaron gareji maigidansa ke zabga masa mari in gawa ta gifta ya bar inji yana ihu. Shekara ashirin yana kashewa, ya miƙe tsaye, ya yi addu'a. Kansa bai ce komai ba, hannunsa ne ya yi abin da ya saba. Sai da ya ji shirun ya gane abin da ya aikata.

Makara ta wuce. Ya murɗa. Jar fitila. Ya sake. Jar fitila.

A cikin motar da ke tahowa daga Shagari, Alhaji Abdulrahman, babban fataken, yana gaba yana tsokanar direbansa Aminu kan auren da zai yi bayan girbi. Aminu na dariya ya taka birki saboda ramuka.

Tau! Tau!

Taya ta fashe — mota ta karkace ta daki kututture. Bashar da Hassan suka diro daga cikin gero. “Ku kwanta! Kowa shi kwanta!” Aminu ya kai hannu ƙasa, ƙila birkin hannu zai ja, ƙila wayarsa ce ta faɗi, Allah masani. Hassan bai tsaya tambaya ba. Ya sakar masa a ƙirji.

Jakar kuɗi biyu. Minti biyu. Suka sheƙo wurin bedi.

“Mu ware!”

“Inji ya mutu,” in ji Ɗantani.

“Mi na na?”

“Gawa ta wuce, nik kashe.”

Bashar ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba. Ɗantani na murɗawa, yana matsa salatif da babban yatsa, yana hura wa makulli iska, yana kiran sunan Allah da bakin da bai cancanta ba. Jar fitila na ta ƙiftawa abinta.

Can maƙabarta an ji harbi. Wani ya buga wa 'yan sandan Shagari waya, motar sintiri ta taso. Sauran kuwa ba su jira hukuma ba. Suka bar mutum huɗu a bakin kabari, suka kwaso diga da shebur da fartanya, suka yo titi da gudu.

Wani ɗan kabu-kabu da ya faɗo cikin abin bai sani ba ya yar da ɗan babur ɗinsa ya shige gona. Hassan ya ɗaga shi, kik ɗaya ya tashi. Tsohon babur ne, ba zai ɗauki ƙarti uku da jaka biyu ya tsere wa kowa ba. Ɗantani ya yar da nasa ya nufo su. Bashar ya haye bayan Hassan, ya waiwayo.

“Kai da ka girmama gawa, tsaya ka tarbe su.”

Tau!

A cinya Bashar ya same shi. Da gangan ya yi, don jama'a su tsaya kan wanda ya faɗi, su kuma su samu su fece. Haka kuwa aka yi.

Dukan farko a kafaɗa ya sauka, na biyu a haƙarƙari. Ɗantani bai kare kansa ba, rawanin ya dafe da hannu biyu. Wani ya hango gawar Aminu ya fasa salati, wani ya ce a zuƙo fetur a tankin babur. Har an kawo taya, sai wata murya da ya sani ta ratsa hayaniyar.

“Ku dakata. Wanga ya kashe injinai don gawarmu ta wuce, da idona nig gani. Ba a ƙone shi gabana. A bar ma hukuma.”

Malam Muhammadu ya durƙusa. Ya ga mutum na haki, numfashi na neman ɗaukewa, ya ce a miƙo ruwa. Ɗantani ya girgiza kai, ya ƙara ƙanƙame ƙyallen. Tsohon ya ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya a hankali, irin yadda ake wa mara lafiya, ya warware rawanin.

Rabin mutanen nan Ɗantani ya taɓa gyara musu babur. Wasu sun ci goron ɗaurin aurensa. Malam Muhammadu ya daɗe yana kallonsa, sa'annan ya ajiye butar a gefensa ya miƙe, ya koma maƙabarta ya ƙarasa abin da ya fito yi.

Sauran ma ba su sha ba. Motar sintiri ta cim musu kafin Bodinga. Hassan ya mutu a kan titi. Bashar ya shiga daji da harbi a kafaɗa, aka tsinto shi bayan kwana biyu, kuma bakinsa na buɗewa ya ce Ɗantani ne ya tsara komai, tunda shi ya san garin. An binne Aminu saura wata biyu bikinsa. Ƙafar Ɗantani ta ruɓe, likitoci suka yanke ta daga cinya. Garejin Bodinga kuwa matasa suka rushe shi tun a ranar.

Ɗantani na tsare a Sakkwato yana jiran shari'a, ba wanda ya leƙo shi sai Malam Muhammadu, sau ɗaya. Bai amsa gaisuwa ba, bai zauna ba. Ya tura masa farar takarda da biro ta tsakanin ƙarafa, ya ce Rashida ba ta fita ko ƙofar gida saboda nuni, ya rubuta ya sawwaƙe mata.

Ɗantani ya ce, “Baba, kai kac cece ni.”

“Ban san kai na ba,” in ji tsohon. “Da na sani, wallahi har yau ban san abin da zan ce musu ba.”

Ya tsaya har aka rubuta. Ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu, ya ce wa gandiroba ya gama.