Dokta Bai Karya Doka Ba

Auta na zaune a falo tana gyara babi na uku na furojet ɗinta, sai Baba ya shigo fuska a murtuke. Ko sannu da zuwanta bai amsa ba. Ya zauna ya ce daga yau kada ya ƙara ganin Dogo a ƙofar gidansa, maganar auren ma a jingine ta.

Dogo shi ne saurayin da gidan suka daɗe da amincewa da shi, ya riga ta gama jami'a yana aiki a ɗakin gwajin jini. Mama ta tambayi laifin yaron. Baba ya ce Dokta ne ya kira shi, wai soyayya ta ɗauke hankalin Auta, shi ya sa aikinta ya ƙi ci gaba.

Dokta abokin Baba ne tun suna makaranta, kuma shi ne sufabaizan Auta, mai duba furojet ɗinta. Tun farkon zango yake kiranta ofis kusan kullum. Zai zaunar da ita yana tambayar turaren da ta shafa da wanda ya saya mata, sannan ya miƙo mata babin ko buɗewa bai yi ba, ya ce ta dawo gobe. In ta fito daga laburare, motarsa na gefen titi. Amma ƙofar ofishinsa kullum a buɗe take, bai taɓa kai mata hannu ba, bai taɓa furta kalmar da za a kama shi da ita ba.

Ta daure ta faɗa wa Baba duk wannan. Ya yi mata kallon da bai taɓa yi mata ba.

"Mutumin da ya riƙe ki kamar 'yar cikinsa za ki yi wa ƙazafi saboda saurayi? Tashi ki ba ni wuri."

Da Dogo ya ji a waya, ya rantse sai ya je ofishin ya shaƙe wuyan mutumin. Auta tana kuka ta roƙe shi, ta ce ranar da ya ɗaga hannu shi ne zai zama mai laifi, Baba kuma ya samu hujja. Da ƙyar ya haƙura, ya yi alkawarin ba zai taka gidan ba sai Baba ya kira shi da kansa.

Washegari ta je ofishin kula da ɗalibai. Jami'in ya saurare ta da mutunci, sannan ya fara tambaya: ya taɓa ki? Ya yi barazanar kayar da ke? Ya turo saƙon banza? Duk ta ce a'a. Ya ce to gaskiya babu sashen dokar da zai kama Dokta da shi. Ta fito ta zauna a matakala, hawaye na zuba, tana jin kamar ita ce mahaukaciyar.

A nan shugabar sashensu, wata farfesa mai tsananin da kowa ke shakka, ta gan ta ta ja ta ofis. Ba ta katse ta ba har ta gama. Sannan ta ce, "Ba ni da ikon hukunta shi, kada in yi miki ƙarya. Amma ba sai an karya doka ake gyara ba."

Cikin makon ta sauya wa Auta sufabaiza, ta ce daga yanzu kowane malami a ɗakin taron sashe zai riƙa duba aikin ɗalibansa. Ta kuma zaunar da Dokta gaban shugaban tsangaya, ta faɗa masa ido da ido cewa ana ganinsa.

Ranar Asabar da yamma sai ga Dokta a gidan su Auta, yana huci. Auta na bayan labule tana saurare. Ya ce an ci mutuncinsa, alhali shi kare yarinyar yake yi. Ya shiga lissafa wa Baba lokacin da take shiga laburare, da kujerar da take zama, da ranar da ta sa jan mayafi ta tsaya da Dogo a bakin get, har da dariyar da ta yi masa.

Da Baba ya buɗe baki, muryarsa a sanyaye take.

"Takardunta aka ba ka ka duba. Ina ruwanka da launin mayafinta?"

Dokta ya fara kame-kame. Baba ya miƙe ya buɗe masa ƙofa, bai raka shi ba.

Ya dawo ya kira Auta, ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce ta yafe masa, ya gaskata aboki ya ƙaryata jininsa. Ta durƙusa tana kuka, Mama ma na share hawaye. Shi da kansa ya ɗauki waya ya kira Dogo, ya ce ya turo manyansa a tsayar da magana.

Sabon sufabaizan ya sa hannu a babin a zama ɗaya. Auta ta gama da sakamako mai kyau, aka ɗaura aurenta da Dogo bayan bikin yaye ɗalibai.

Haƙurinsu ne ya kai su, amma haƙurin da bai yi shiru ba. Ku iyaye, in 'yarku ta ce ana cutar da ita, ku saurara ko da babu shaida a hannunta, domin akwai cutar da doka ba ta ganinta, sai mai zuciya.