Suka Ce Fargaba Ce

Ranar Lahadi ce, ina bayan kanta ina naɗe wa wata tsohuwa burek, burodin nan mai nama a ciki, a takarda, Tihana ta faɗo cikin gidan burodin.

Ba takalmi a ƙafarta. Gashinta na ɗigar da ruwa, baƙar rigar iyo a zuge har ƙugu, lambar gasa a rubuce a damtsenta.

Ita da ya kamata a ce tana kan keke a lokacin.

"Vinka…"

"Kada ki kira sunana."

"Vinka, Duje ne… sun fito da shi daga ruwa… ba ya…"

"Na ce kada ki kira sunana!"

Tsohuwar ta yi alamar gicciye a ƙirjinta. Ni ban yi kuka ba. Tiren burodi na ɗauka na maka shi a bango.

Ban yi karatu mai zurfi ba, yadda na tuna haka zan faɗa.

Duje shi ne mutumin da zan aura. Injin jiragen masunta yake gyarawa a tasharmu, kullum hannunsa warin mai. Sai wannan doguwar gasa ta shiga ransa: ka yi iyo a teku da sassafe, ka fito ka hau keke har rana ta karkata, ka sauka ka kama gudu har duhu. Duk a yini ɗaya, ba kuma wanda ya biyo ka da sanda.

Mahaifiyarsa, Teta Luce, ba ta ƙaunata. A wurinta ni bazawara ce mai sayar da burodi, shi ke nan. Tihana take so masa, 'yar aminiyarta, wadda ƙungiyarsu ɗaya da Duje, tare suke iyo, tare suke gudu.

"Bar min Mama, zuciyata," in ji Duje. "Ina tsallake layin ƙarshe zan durƙusa miki in nemi aurenki a gaban duk garin. Haka 'yan gasa ke yi. Mu gani ko za ta iya cewa a'a a gaban mutane."

"Kai dai ka durƙusa yanzu mana, ga ƙasa nan kyauta."

"Ba daɗi, 'yar burodina. Sai na sha wuya tukuna."

Makon ƙarshe kafin gasa rage horo suke yi. Ɗan iyo kaɗan, ɗan zagaye a keke, sauran lokacin a zauna a ci taliya. Jikin da ya saba da wahala sai ya rasa abin yi. Duje ya kasa zama wuri ɗaya. Ya goge keke, ya sake gogewa. Ya leƙa taga ya duba iska. In na yi atishawa ya matsa nesa da ni.

Kafin makon ya yi mura da zazzaɓi, ya ce ya warke.

Ranar Laraba muna hawa benen gidana, sai na ji babu takunsa a bayana. Na waiwaya. Yana tsaye, hannu a ƙirji, baki a buɗe.

Mutumin da ke hawa dutse da gudu yana ba ni labari!

"Duje, mene ne?"

"Ba komai."

"Ba komai kake haki kamar tsohon jaki?"

"Zuciyar ce ta ɗan yi tsalle. Fargaba ce, masoyiyata."

"Gobe ka je asibiti."

"Su ce in kwanta? Shekara guda ina shiri, Vinka!"

Ranar Juma'a ƙungiyarsu ta haɗu cin taliya a wani gidan abinci a bakin tasha. Na bi shi. Na jira kowa ya cika baki, sannan na faɗi abin da ya faru a bene da ƙarfi, don na ga ni kaɗai ba zai ji maganata ba.

Tihana ce ta fara dariya.

"Ayya, Vinka! Makon hutu ne. Ni jiya gwiwa, shekaranjiya haƙori. Ba wanda jikinsa ba ya yi masa ƙarya a makon nan."

"Ni wuyana ya ƙi juyawa!" in ji wani.

"Ni na yi mafarki na manta keken a gida!"

Tebur ya ɗauki dariya. Tihana ta dafa kafaɗar Duje, idonta a kaina.

"Wanda bai taɓa tsayawa a layin farawa ba, ba zai gane ba. Kai dai kada ka bari a sa maka tsoro. Wasu so suke su ɗaure mutum a bakin tanda."

"Cire hannunki daga jikinsa."

"Vinka, don Allah…" Duje ya ce a hankali.

Ba ita ta fi ƙona min rai ba. Shi ne. Sassaucin da na gani a fuskarsa, kamar an sauke masa kaya daga ka. Abin da yake son ji ke nan, ya kuma ji.

Ranar Asabar da yamma ya kai kekensa filin da ake jera su, ya biyo ta wurina. Fuskarsa ba jini.

"Zo ki yi min addu'a."

"Ba zan yi ba."

"Haba, zuciyata…"

"Ni ce zuciyarka? To ga ni ina ce maka kada ka shiga ruwan nan!"

"Gobe kaɗai. Daga gobe ni naki ne."

"In ka shiga, kada ka neme ni a layi. Ka durƙusa wa Tihana."

Ya yi murmushi. Wannan murmushin da nake so, wanda yau in na tuna shi nake jin kamar in fasa wani abu.

"Za ki zo."

"Na rantse ba zan zo ba."

"Ki sa jar rigar nan."

Na rufe ƙofa a fuskarsa. Ban je ba, ban kuma yi nadama ba. Da na je, a idona za a fito da shi.

Likita ya ce zazzaɓin ne ya taɓa zuciyar, ruwan sanyi da wahala suka ƙarasa.

Masu gaisuwa suka yi ta cewa, "Ya rasu yana abin da yake so." Duk wanda ya faɗa min haka sai in kalle shi har ya sunkuyar da kai. Ni fa? Ni ba abin da yake so ba ce?

Washegarin gasar da hantsi aka buga ƙofata. Teta Luce ce cikin baƙaƙen kaya. Ba ta taɓa taka gidana ba.

"Masu shirya gasa sun kira. Wai a zo a ɗauki kekensa. Ni ba zan iya ni kaɗai ba."

"Ina Tihana?"

"Ke na zo wa."

Muka tafi. Filin da ya cika da ɗaruruwan kekuna ya zama fayau, ana kwance ƙarafa ana lodawa a mota. Keke ɗaya ne ya rage a rataye. Hular kwanonsa na rataye a kai, gorunan ruwansa cike, 'yan guntayen abincin da ya manna a jikin ƙarfen rana ta narkar da su.

Teta Luce ta riƙe sirdin da hannu biyu.

"Kin gani a jikinsa, ko?"

"Na gani."

"Me ya sa ba ki hana shi ba?"

"Ke da kika haife shi, kin taɓa hana shi abu ya hanu?"

Na zaci mari zan sha. Sai kawai ta dubi keken.

"Ubansa sak," ta ce. "Taurin kai kamar dutse. Ɗan banza… ɗan banzan yaro!"

"Marar jin magana!"

"Wawa!"

Muka tsaya tsakiyar fili muna zaginsa da ƙarfi, mu biyu, ma'aikata na kallonmu. A nan kukan ya zo min. Ban san lokacin da fuskata ta shige wuyanta ba.

Da muka iso mararraba na juya keken wajen gidanta. Ta tare shi da ƙafa.

"Ina za ki kai min shi? Kai shi gidanki. Kayan mijinki ne."

Mijinki. Sai da ya mutu ta faɗa.

Zaurena ƙarami ne, keken ya cinye rabinsa. Maƙwabta sun ce in sayar, ko in rataye shi a bango. Na ƙi.

Kullum da asuba in zan fita aiki sai fedar ta buge min ƙwauri. Wurin ya yi baƙi, ba ya warkewa.

Sai in dafa sirdin in ce, "Matsa min, mai taurin kai."

Ba ya matsawa. In ratsa ta gefensa in wuce.