Abin Da Ke Bayan Kabad

Ranar da ta fara ganinsa makulli ne ya ƙi buɗuwa a hannunta. Tana ta kokawa da ƙofar gidan da babanta dillali ya aiko ta nunawa, sai ta ji murya a bayanta.

"Kawo in gwada, Mai Makulli. Ƙofa ma lallami take so."

Dogo ne, direban babbar mota. Shekara bakwai yana tara kuɗi don ya raba mahaifiyarsa da gidan haya mai bene, saboda gwiwarta ta daina yarda da matakala. Tsaba zai biya, ba ruwansa da banki.

Nan fa gizo ke saƙar. Banki kan turo mai duba gini kafin ya ba da rance, shi kuwa mai tsaba idonsa ne kawai mai dubansa. Shi ya sa tun da safe babanta ya ce mata, "Bangon ɗakin kwana yana tsattsafo da ruwa. A shafa fenti, ki jingina kabad a wurin. Masu saye haske suke bi da ƙanshin sabon fenti, ba wanda ke leƙa bayan kaya." Ita ce ta tura kabad ɗin da hannunta.

Direban ya zagaya, ya tsaya a tagar kicin yana murmushi kamar yaron da aka saya wa keke. Da suka shiga ɗakin kwana ya ce, "Wannan na Mama ne. Nan zan sa mata gado, kusa da kabad."

Wayyo! Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Daga ranar saƙo ya fara zuwa. "Mai Makulli, gidan nan yana da wani aibi kuwa? Ni dai aibi ɗaya na gani, ba kya ciki."

Ta karanta, ta yi dariya. Ta rubuta, "Kai dai ka iya zance, Sarkin Hanya." Iyakar abin da ta iya ke nan.

Sau huɗu yana dawowa wai duba famfo, alhali kowa ya san famfon da yake dubawa. Ta kamu da sonsa, ba ƙarya, amma duk lokacin da ya ce "na yarda da ke" sai ta tuna da kabad ɗin.

Ana gobe biyan kuɗi, ta zauna a ofis da tsakar rana ta rubuta masa: "Kafin ka biya, ka je ka janye kabad ɗin ɗakin Mama. Ni na sa shi a wurin. Ban cancanci yardarka ba. Ka yafe mini."

Shiru. Kwana ɗaya, biyu, har biyar.

Babanta kuwa ya hau faɗa. "Kin zubar mini da ciniki saboda direba! Ga mai shagon tayal nan yana son ki, yana son gidan, bai taɓa tambayar bango ba."

"Baba, tsohuwa ce za ta kwana a ɗakin," ta ce, kanta a ƙasa. "Da Inna ce fa?"

Ya fita yana ƙunƙuni.

A rana ta shida direban ya yi sallama a ofis, shi da kawunsa. Ta rasa inda za ta sa fuskarta, ta ɓuya bayan fayil.

"Hanya ce ta riƙe ni, ba fushi ba," ya ce mata a hankali. "To, fushin ma an ɗan yi na kwana biyu, kada in yi miki ƙarya ni ma."

Kawun ya gyara zama ya dubi babanta. "Gida dai mun fasa. Amma yarinyar da ta zaɓi ta ji kunya a kan ta cuci tsohuwa, ita muka zo nema."

"Ba zan ba wanda ke zaune a haya 'yata ba," in ji baban, sai dai muryar ba ƙarfi.

"Gaskiya ne, Baba," direban ya ce. "Haya muke. Amma mai gidanmu ya faɗa mana inda ke yoyo tun ranar farko."

Baban ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa. Can ya ce, "Ba laifinta ba ne. Ni na sa ta." Tunda take ba ta taɓa jin babanta ya faɗi haka ba, sai hawaye suka zubo mata.

Shi ya ɗauko magini da kuɗinsa, aka fasa bangon, aka canja bututu, ya rage farashi ya sayar musu. Bayan wata uku aka ɗaura aure.

Da aka kai ta, surukarta ta jawo hannunta ta zaunar da ita a bakin gado. Amarya ta fara, "Mama, ni ce na..."

"Na sani, 'yata, ya faɗa mini komai," tsohuwar ta katse ta. "Ɗago kanki haka nan, kunyar ta isa. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku 'ya'ya masu irin halinki."