Kebul Ɗin Hagu

Kebul biyu masu ɗauke da haske ne ke haɗa kwamfutocin asibitin da ma'ajiyar bayanan marasa lafiya. Ɗaya ya mutu bayan isha'i, aka kira Tambari daga Runjin Sambo ya duba. Idan na biyun ya yanke ana cikin aiki, bayanan na iya lalacewa.

Ba a shiga ɗakin sanyin da na'urorin ma'ajiyar suke da takalmi, kuma babu takalman kowa a bakin ƙofar. Amma a ciki Tambari ya tarar da Malam Muntari, wanda ya koya masa aikin, tsaye bayan na'urorin. Hankalinsa ya kwanta.

"Autana, ka makara," in ji Muntari. "Zare wanga na hagu."

"Malam, ai fitilarshi koriya ce."

"Ni zan cuce ka? Fitilar ce ta rikice. Zare."

Tambari ya zare. Fitilu suka koma ja, ƙararrawa ta ɗauka.

"Malam, mi ka sa na yi?"

Tun can Muntari ya hana yaransa leƙa bakin kebul da ido, a tafin hannu ake haska shi. Malam ya karɓi kebul ɗin, ya haska a tafinsa. Jan ɗigon hasken bai tsaya a hannun ba, sai ya ratsa shi ya bayyana a bango.

Wayar Tambari ta yi ƙara, ya ɗauka.

"Tambari, Muntari ne. Yanzu na baro Ƙofar Rini. Kar ka taɓa na hagu, shi kaɗai ya rage."

Wanda ke gefensa ya miƙo masa kebul ɗin, yana murmushi irin na Malam.