Jar Maraƙa a Baƙin Garke

A yankinmu na Saskatchewan, shanu sun fi mutane yawa. Wasu na cewa sun fi su hankali ma, amma har yanzu ba a gama bincike a kan wannan ba.

Gidan su Nola Kowalchuk baƙaƙen shanu kawai suke kiwo. Bijiminsu, Duke, baƙi ne wuluk. Shanun mata ma haka.

A bana Baba ya yi wa Nola alkawari. Duk abin da saniyarsu Mabel ta haifa, nata ne. Ita za ta rene shi, ta kai shi gasar yara manoma idan zafi ya shigo.

Nola ta jira wata da watanni. Ta sayi burushi. Ta zaɓi suna ma, Gawayi.

Wata safiya a watan Maris, dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, Mama ta leƙo ɗakinta.

“Tashi, Mabel ta haihu. Mace ce.”

Nola ta ruga rumfar shanu da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Tana shiga ta yi turus.

Maraƙar ja ce. Ja sosai, daga hanci har wutsiya.

“Baba, wannan ba tamu ba ce!”

“To Mabel dai tana ganin tata ce,” in ji Baba. Ya juya da sauri, don wata saniyar ta fara naƙuda. Lokacin haihuwar shanu ba a samun doguwar magana daga bakin Baba.

Nola ba ta ko taɓa maraƙar ba. Ta koma gida tana tura baki.

A motar makaranta, kullum kusa da Emmett take zama. Emmett jikan Mista Halvorsen ne, maƙwabcinsu. Shingen waya ne kawai tsakanin gonakinsu. Mista Halvorsen yana da wani tsohon jan bijimi mai suna Otis.

“Yaya Gawayi?” in ji Emmett.

“Ja ce,” Nola ta faɗa a hankali.

Emmett ya fashe da dariya. “Jan gawayi? Ashe tumatir aka haifa muku!”

Sauran yara suka ɗauka. “Tumatir! Tumatir!”

Nola ta juyo ta harari Emmett. “Ai laifinku ne!” ta ce da ƙarfi. “Baƙi da baƙi ba sa haihuwar ja. Bijimin kakanka ne ya tsallako shingenmu bara!”

“Otis? Wa ya faɗa miki?”

“Ni na gani da idona!”

Ba ta gani ba. Zato ta yi. Amma zaton ya yi mata kyau a baki, sai ta mai da shi ganin ido.

Direba ya ji komai. Ya adana maganar har sai da ya isa shagon shan kofi. A garinmu ba mu da jarida, kuma ba mu taɓa jin rashinta ba.

Washegari Emmett ya shigo mota bai kalle ta ba. Ya wuce can baya ya zauna.

Da aka fita tara, Nola ta same shi a bakin lilo.

“Kai, fushi kake yi har yanzu? Ai kai ka fara.”

“Ranar Asabar Kaka zai kai Otis kasuwar shanu,” in ji Emmett. Idanunsa sun yi ja.

“Don me?”

“Ya ce bijimin da ya koyi tsallake shinge ba ya zama a gonarsa. Ya ce ba zai ɓata wa maƙwabci garke ba.”

Kowane yaro a nan ya san inda tsohon bijimi ke zuwa daga kasuwa. Wurin mahauta ne.

“Kakata ce ta rene shi da kwalbar madara kafin ta rasu,” in ji Emmett. “Kullum da safe Kaka sai ya je ya yi masa hira.”

Ya tafi ya bar ta a tsaye.

Nola ba ta ci abincin ranarta ba. Da aka tashi, ta tsaya a aji tana ta gyara jaka, jakar da ba ta buƙatar gyara.

Malamar kimiyya, Malama Petrenko, ta dube ta ta saman tabarau.

“Nola, ko dai jakar nan ta yi miki laifi, ko kuma kina da tambaya.”

“Malama, baƙin bijimi da baƙar saniya za su iya haihuwar ja?”

“Zo nan.”

Malama ta buɗe gwangwanin da take tara maɓallai. Ta zaɓo baƙaƙe biyu da jajaye biyu.

“Kowane maraƙi yana gadon saƙon launi guda biyu,” in ji ta. “Ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Saƙon baƙi mai rinjaye ne. Saƙon ja kuwa mai ɓuya ne.”

Ta ɗora baƙin maɓalli a kan ja.

“Me kike gani?”

“Baƙi.”

“Jan ya tafi?”

“A'a, yana ƙasa.”

“To haka wasu baƙaƙen shanu suke. A ido baƙaƙe ne, amma suna ɗauke da ja a ɓoye. Riƙe nan. Hannun dama Mabel ce, hannun hagu bijiminku.”

Ta sa mata baƙi da ja a kowane hannu.

“Rufe ido. Ajiye ɗaya daga kowane hannu.”

Nola ta ajiye. Baƙi da baƙi.

“Baƙin maraƙi. Sake.”

Baƙi da ja.

“Shi ma baƙi, don baƙi ya rinjaya. Sake.”

Sun daɗe suna yi. Can sai ga ja da ja a kan tebur.

“Yanzu babu baƙin da zai rufe shi,” in ji Malama. “Sai jan ya fito fili. Idan iyayen biyu suna ɗauke da shi, kusan ɗaya cikin huɗu ke fitowa ja. Mutane ma haka ne. Shi ya sa za ki ga yaro da jan gashi alhali iyayensa ba su da shi.”

Nola ta zura wa maɓallan ido.

“Ke nan Otis bai tsallaka ba?”

“Maɓallai ba su san wannan ba,” in ji Malama. “Abin da suka sani kawai, launin maraƙa ba shaida ba ne. Shaidar da ake da ita guda ce. An ce wata yarinya ta gani da idonta.”

Nola ta sunkuyar da kai.

“Ba ta gani ba, Malama.”

“Na yi tsammanin haka. To ba ni ya kamata yarinyar ta faɗa wa ba.”

Da ta koma gida, ta tarar da Baba yana zuba wa shanu ciyawa. Bai ji komai ba tukuna, don kwana da kwanaki bai shiga gari ba. Nola ta faɗa masa duka, tana hawaye.

Baba ya ajiye cebur mai yatsu da yake ɗibar ciyawa da shi. Bai yi faɗa ba, kuma hakan ya fi faɗa zafi.

“Uwar Duke ja ce,” in ji shi. “Kakar Mabel ma ja ce. Kuma bara Mabel a hayin kogi ta yi kiwo tare da Duke. Sai dai in Otis ya koyi iyo.”

“Me ya sa ba ka faɗa mini ba?”

“Me ya sa ba ki tambaye ni ba?”

Nola ta share hawaye.

“Baba, za ka je ka gaya wa Mista Halvorsen?”

“Zan kai ki,” in ji Baba. “Mota tawa ce. Magana taki ce.”

Suka shiga a-kori-kura. Hanyar ba ta da nisa, amma Nola ta so a ce ta fi haka tsawo.

Sun tarar Mista Halvorsen ya riga ya jawo tirelar shanu bakin rumfa, ko da yake Asabar sai jibi. Yana tsaye yana sosa wa Otis bayan kunne. Emmett na zaune a kan shinge.

“Kowalchuk,” in ji tsohon, ya cire hula. “Da ma ina shirin zuwa in ba ka haƙuri.”

“Dakata tukuna,” in ji Baba. “'Yata tana da magana.”

Nola ta matso. Ta tsaya a gaban tsohon.

“Mista Halvorsen, ƙarya na yi. Ban ga Otis ya tsallaka ba. Haushi na ji don maraƙata ta fito ja. Ashe baƙi da baƙi suna iya haihuwar ja, idan suna ɗauke da shi a ɓoye.”

“Wannan na sani tun kafin a haifi babanki,” in ji tsohon.

Nola ta ɗago kai da mamaki. “To me ya sa za ka sayar da shi?”

“Don an ce kin gani. Ban taɓa jin kin yi ƙarya ba, yarinya. Sai na yarda da ke, ban yarda da shi ba.”

Wannan maganar ce ta sa Nola kuka sosai.

“Ka yi haƙuri. Don Allah kar ka kai shi.”

Tsohon ya daɗe yana kallon bijiminsa. Ya share hanci da bayan hannu, ya ce sanyi ne.

“Ka ji, Otis? An wanke ka,” in ji shi. “Gaskiya na ɗan yi mamaki. Kai da sai ka yi shawara kafin ka tsallake tiyon ruwa.”

Otis ya ci gaba da tuƙa. Bai nuna ya san an yi shari'arsa ba.

Emmett ya diro daga kan shinge. “Kaka, in cire tirelar?”

“Cire ta. Nola za ta taya ka.”

Ƙarfen tirelar ya yi sanyi, ga nauyi. Suka kama tare.

“Ni ma bai kamata in ce tumatir ba,” in ji Emmett, yana kallon ƙasa.

“Ai ta ɗan yi kama,” in ji Nola.

Washegari ta miƙe a cikin motar makaranta ta faɗi gaskiya, da ƙarfi yadda direba zai ji. Wannan labarin bai yi saurin na farko ba, amma ya isa shagon kofi.

Da yamma ta ɗebi ruwan ɗumi ta shiga rumfa. Jar maraƙar ta taso tana tangaɗi, ta kama yatsanta tana tsotsa. Harshenta kaushi gare shi. Nola ta yi dariya, ta rungume wuyanta.

Mama na tsaye a bakin ƙofa.

“Me kika koya?” in ji ta.

“Abin da ba a gani ba, ba lallai ne babu shi ba,” in ji Nola. “Kuma idan ban gani ba, kar in ce na gani. In tambaya.”

“Ya isa na mako ɗaya,” in ji Mama. “Wanko hannunki, miya tana hucewa.”

“Minti ɗaya, Mama. Ba ta saki yatsana ba tukuna.”