Lahadin da Mama Ta Zo Kitwe

"Ka kira su ka ce kada su zo, Baban Lombe... Roƙonka nake yi."

Kalaba ya ajiye bokitin ruwan zafin da ya ɗauko mata, ya tsaya yana kallon matarsa. Nsama na zaune bakin gado, jaririnsu na barci a cinyarta, ɗinkin aikin da aka yi mata wajen haihuwa bai gama warkewa ba.

"In ce musu me? Gobe Lahadi, kuma a gidanmu za a taru."

"Ka ce ba ni da lafiya."

"Ai don ba ki da lafiyar za su zo."

Ta rage murya, idonta na kan ƙofa. A falo mahaifiyarta, wadda ta iso daga Kasama da safen nan, tana koya wa 'yarsu Lombe waƙar coci.

Rabon Nsama da Kalaba da coci an daɗe. Ba faɗa suka yi da kowa ba, imanin ne ya bar zukatansu a hankali, tun suna saurayi da budurwa suka gane haka a junansu. Sai dai a unguwarsu, wanda ba shi da coci ba shi da mai zuwa masa barka ko jaje. Har Lombe maƙwabta suka hana yaransu wasa da ita. Shi ya sa suka nemo iyaye irinsu, suka soma haɗuwa duk Lahadi, yau gidan wannan gobe gidan wancan. A yi girki tare, yara su yi wasa, manya su saurari damuwar juna.

Mama kuwa, shugabar matan coci a Kasama, ba ta san komai ba.

"To in sun zo... a ce 'yan cocinmu ne," Nsama ta faɗa kanta a ƙasa.

Kalaba ya zuba mata ido.

"Nsama tawa, kunyata kike ji?"

"Ba haka ba ne..."

"Ba zan tona ki ba. Amma ba za ki ji ƙaryar daga bakina ba."

Ya fita a hankali.

Washegari Mama ta so a tafi coci, Nsama ta ce ɗinkin na damunta. Da hantsi gidan ya cika. Lungowe, babbar cikinsu, malamar asibiti mai yawan barkwanci, ita ta fara shigowa da tukunyar miyar gyaɗa a ka.

"Ina mai jegon? Har yanzu kina tafiyar agwagwa?"

Ganin Mama sai ta durƙusa ta gaishe ta da tafi, sauran ma suka bi sahu. Mama ta washe baki.

"Su wa ke nan, 'yata?"

Nsama ta kau da kai.

"'Yan cocinmu ne, Mama."

Lungowe ta ɗago ta kalle ta sau ɗaya. Kalaba ya juya ya nufi wajen murhu.

Da aka sauke tuwon nshima aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mangwaro, Mama ta dubi Lungowe.

"Ki buɗe mana da addu'a, 'yar nan."

Baƙin suka kalli juna.

"Mama, ke ce babba a nan," in ji Lungowe cikin ladabi. "Ke ya dace ki yi."

Mama ta rufe ido ta fara. Ɗaya bayan ɗaya suka sunkuyar da kai. Nsama ta bi su da kallo. Ga Lungowe, wadda 'yan uwanta suka daina cin abincin hannunta don ta faɗi gaskiyar abin da ke ranta. Ga Simukonda, malamin da ya bar makarantarsa saboda tsangwama. Mutanen da suka rasa dangi don sun ƙi yin ƙarya, yau ga su suna rufa wa ƙaryarta asiri.

Kalaba kaɗai bai sunkuya ba. Yana tsaye jikin bishiya, idonsa ya kaɗa.

Kunya ta rufe Nsama har ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Mama na cewa amin, Nsama ta buɗe baki.

"Mama... ƙarya na yi miki. Ba 'yan coci ba ne. Ba mu da coci. Ni da Baban Lombe ba ma zuwa, ba ma addu'a... mun daɗe."

Mama ta dubi Kalaba.

"Kai ka raba ta da Ubangiji?"

"Ba shi ba ne," Nsama ta riga shi. "Haka ya same ni."

Mama ta wanke hannun da ba ta ci komai da shi ba, ta shige ɗaki.

Da yamma Nsama ta lallaɓa ta same ta tana ninke zannuwanta. Ta yi ƙoƙarin durƙusawa, ciwo ya hana ta.

"Zauna kafin ki farke ɗinkin," Mama ta ce ba tare da ta kalle ta ba. "A gabana kika bari na yi addu'a kamar wawuya."

"Tsoron rasa ki na ji..."

"In kin mutu wa zai yi miki waƙa? Wa zai binne ki?"

"Su, Mama. Da aka shiga da ni ɗakin aiki, Lungowe ce ta riƙe hannuna. Lombe a gidan Simukonda ta zauna. Matan cikinsu ne suka yi mini wanka kafin ki zo."

Hawaye na bin kuncin Mama.

"Na ga mutanen kirki ne. Shi ya fi yi mini ciwo. Ban san yadda zan yi da wannan ba, Nsama. Ki bar ni in koma gida."

Da safe Kalaba ya ɗauki jakarta ya raka ta tasha. Ta sumbaci jikokinta, amma ba ta rungumi 'yarta ba.

Da ya dawo ya tarar da Nsama a bakin ƙofa, fuskarta ta kumbura.

"Me ta ce?"

"Ta ce ba za ta daina yi mana addu'a ba. Na ce kada ta daina."

"Za ta dawo?"

"Ba ta ce ba."

Nsama ta rufe fuska da gefen zaninta.

"Na ɓoye ka kamar abin sata, Kalaba. Kai da ka riƙe ni da zuciya ɗaya... Da wane ido zan kalle ka? Da wane ido zan kalli Lungowe?"

Ya zauna gefenta, ya janye zanin a hankali.

"Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma da bakinki kika faɗa, ba wanda ya tilasta ki. Lungowe kuwa tana can gindin mangwaro tun ɗazu tana wankin kayan jariri."

"Ta zo?"

"Ta ce ta san yadda washegarin irin wannan rana take. A lokacinta ba ta da kowa."

Nsama ta kwantar da kanta a kafaɗarsa ta fashe da kuka.

"Ka yafe mini, masoyina..."

"Na yafe tun jiya. Tashi a hankali, riƙe hannuna. Mu je ki gaishe ta."